Farin Haƙori na Cikin Kwalba, Ciwon da Muke Saye da Kuɗinmu

Akwai wata ɓarna da ke yaɗuwa a ƙasar Tambuwal da Kebbe, kuma don ba ta zubar da jini a bainar jama'a, an ƙi ɗaukarta a bakin komai. Ita ce ƙona haƙora da kankare su da sunan faranta su. Ana sayar da ita a 'yan kwalabe marasa suna da ƙullin leda, ranar kasuwa da bakin tasha. Ana kuma koyar da ita kyauta a wayar hannu: a matse lemun tsami, a zuba gishiri ko kanwa ko garin gawayi, a dirje haƙora safe da yamma, wai cikin kwana uku za su yi fari fat. Mai sayar da wannan kaya macuci ne, ko ya san abin da ke cikin kwalbarsa ko bai sani ba. In ya sani, ya yi ha'inci. In bai sani ba, ya yi ganganci da jikin bayin Allah. Mai saye kuwa kuɗinsa ya ƙirga ya miƙa domin a lalata masa abin da babu mai iya mayar masa da shi.

Wanda ke cin kasuwannin yankin nan, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Jabo zuwa Sanyinna, daga Kebbe zuwa Kuci, ba sai an yi masa dogon bayanin wasan ba. Mai magani ya kafa lasifika, ya tara jama'a, ya jawo wani dattijo mai cin goro ko wani yaro da ba shi da mai tsaya masa. Ya dangwali ruwan kwalba da auduga, ya goga a haƙori guda, kafin minti ɗaya haƙorin ya yi fari a tsakanin 'yan'uwansa jajaye. Sai a ɗauki salati, hannuwa su shiga aljihu. Ba wanda zai tsaya ya yi tambayar da ta kamata: wane irin ruwa ne wannan da zai ɗauke cikin minti ɗaya abin da goro ya yi shekara ashirin yana shimfiɗawa? Abu biyu kaɗai ke iya wannan aiki, ko asid mai narkar da saman haƙori, ko gari mai kaifi da ke kankare shi. Likitocin haƙori ma suna amfani da asid, irin wanda ake kira fosforik, mai ƙarfin kashi 37 cikin 100, idan za su yi ciko. Sukan bar shi daƙiƙa 15 zuwa 30, su wanke, sai wurin ya yi fari kamar alli, nan take kuma su rufe shi da abin ciko, domin sun san wannan farin alamar wurin ya ciwu ce. Farin da likita ke gaggawar rufewa, shi ne mai lasifika ke ɗaga wa jama'a a matsayin nasara, ya sallami mutum da shi a buɗe.

Ya kamata kowa ya san abin da ake wasa da shi. Haƙori hawa uku ne. A waje akwai ɓawo mai sheƙi, likitoci na kiransa inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne tsantsa. Sai dai ba shi da kauri. Inda ya fi kauri, a saman turame, bai wuce milimita 2 da rabi ba, a wuyan haƙori kusa da dasashi kuwa yakan yi ta sirancewa har ya ƙare. Ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu, dentin, mai launin rawaya-rawaya, wanda bai kai shi tauri ba. A can tsakiya jijiya take da hanyoyin jini. To, ga inda gizo ke saƙa: fata in ta yanke takan haɗe, ƙashi in ya karye mai ɗori ya ɗaure ya kama, farce da gashi kullum tsirowa suke yi, amma ɓawon haƙori ba ya tsirowa. Ƙwayoyin halittar da suka gina shi sukan gama aikinsu su gushe a lokacin da haƙorin ke hudowa. Yawu na iya ƙarfafa wurin da ya ɗan yi laushi, amma abin da aka kankare ya tafi ke nan har abada. Haƙoran nono 20 ne, su zube, na girma 32 su maye gurbinsu. Babu zubi na uku.

Masana suna auna tsami da ma'aunin da suke kira pH, wanda duk lokacin da lambarsa ta yi ƙasa tsamin ƙaruwa yake yi, kuma kowane taki ɗaya ninki goma ne. Ruwan sha mai kyau yana wajen 7. Ɓawon haƙori yakan fara narkewa idan baki ya sauko wajen 5.5. Ruwan lemun tsami yana tsakanin 2 da 3, wato ya zarce iyakar da haƙori zai iya jurewa ninki ɗaruruwa. Kowa ya san yadda haƙora ke mutuwa bayan an sha tsamiya ko ɗanyen mangwaro, har mutum ya kasa tauna tuwo. A daidai wannan lokaci saman haƙori ya yi laushi, yana jiran yawu ya farfaɗo da shi. A nan ne kuma malaman waya ke cewa a ɗauko gishiri ko toka a dirje. Wane irin rashin tausayi ne wannan? Masu amfani da yashi ko garin fasasshen tangaran su ma su ji: a ma'aunin taurin duwatsu ɓawon haƙori yana kan 5, ƙwayar yashi tana kan 7, saboda haka duk haɗuwarsu haƙori ne ke asara. Gawayi kuwa, wanda yanzu aka sanya wa kwali mai kyau ana sayarwa da tsada, mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta bi diddigin binciken da aka yi kansa a 2017, ba ta sami isasshiyar hujjar cewa yana da amfanin da ake yayatawa ko ba ya cutarwa ba. A 2019 mujallar likitocin haƙori ta Birtaniya ta ƙara jan kunne a kansa. Mutumin da ya ga bangon ɗakinsa na ƙasa ya yi dauɗa, ya ɗauko fartanya ya kankare makubar da ke tsare shi daga ruwan sama, ya ga ya yi fes ya yi murna, damina ce za ta ba shi amsa.

Abin da ya fi baƙanta rai shi ne tarkon da ke cikin lamarin. Idan ɓawo ya sirance, rawayan dentin da ke ƙarƙashi sai ya riƙa bayyana. Saman da asid ya ci kuma yakan yi kaushi, sai ya fi kama launin goro da shayi da hayaƙin taba fiye da da. Bayan 'yan makonni mutum ya duba madubi ya ga haƙoransa sun fi da rinewa, sai ya ce maganin ne ya ƙare, ya koma ya sayo kwalba biyu. Kowace guga tana ƙara kusantar da shi ga abin da yake gudu. Mai kwalba ya samu abokin ciniki na dindindin, kuma cutar da ya haddasa ita ce ke yi masa talla.

Daga nan sai tsirawar nan ta fara, wadda ke ratsa haƙori kamar walƙiya idan ruwan sanyi ya taɓa shi ko iska ta shiga baki. Dalilinta sananne ne. Dentin cike yake da ƙananan hudoji, dubbai a wurin da bai kai kan allura ba, kowace da ɗan ruwa a ciki, kuma dukkansu sun nufi jijiya. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Martin Brännström, ya bayyana a shekarun 1960 cewa idan bakin hudojin ya buɗe, sanyi ko zafi ko zaƙi ko iska sukan motsa ruwan da ke ciki, motsin kuma ya fizgi jijiya. A 1987 wasu masu bincike a Birtaniya suka duba haƙora da madubin ƙara girma, suka tarar haƙori mai wannan ciwo yana da buɗaɗɗun hudoji kusan ninki takwas na wanda ba ya yi, kuma faɗin kowace ya kusa ninka biyu. Ashe tsirawar nan saƙo ce daga jijiya cewa rufin da ke kanta ya yaye. Amma me muke yi da saƙon? Sai mu ce sanyi ne, ko shawara ce, ko tsufa ne ya zo wa ɗan shekara ashirin da biyar.

Ina so mai karatu ya ga yadda masu ilimin abin ke auna wannan ciwo, domin ya kwatanta da abin da ake yi mana a kasuwa. Idan za a gwada wani man goge baki da aka ce yana rage tsirawar haƙori, manya masu lafiya ake nema, a yi musu bayani, su amince da kansu su sa hannu. Likita ya duba bakin kowa ya ware duk mai kogon haƙori, ko tsagewa, ko tsohon ciko da ya lalace, ko ciwon dasashi mai tsanani, don kada a ɗora wa wannan ciwo laifin wani. Sannan a kare haƙoran gefe da yatsu ko auduga, a hura iska a wuyan haƙori guda na tsawon daƙiƙa ɗaya tak, daga nisan kamar santimita ɗaya. A rubuta sakamako a ma'aunin da ake kira na Schiff, daga 0 zuwa 3: wanda bai ji komai ba 0, wanda ya ji amma bai nemi a daina ba 1, wanda ya nemi a daina ko ya janye kai 2, wanda ya ce ciwo ne sosai kuma ya nemi a daina 3. Akwai kuma wani ɗan tsinke mai na'ura, na Yeaple, da ake taɓa wurin da shi. Ana farawa da nauyin giram 10, a ƙara goma-goma, da zarar mutum ya ce ya ji sai a tsaya a rubuta, kuma galibi in an kai giram 50 bai ji komai ba ana ɗaukar haƙorin lafiyayye. Bayan haka a miƙa masa takarda mai layin milimita 100, farkonsa babu ciwo, ƙarshensa ciwo mafi tsanani, ya sa alama da hannunsa inda nasa ya tsaya. A maimaita wannan bayan mako biyu, bayan huɗu, bayan takwas, a gwama da wasu mutanen da aka bai wa man goge baki na yau da kullum. Sai an bi duk wannan kafin kamfani ya sami bakin rubutawa a jikin kwali cewa kayansa na rage ciwo.

Ku duba wannan taka-tsantsan. Daƙiƙa ɗaya, giram goma, haƙori guda, da iznin mai haƙorin. Wannan fa don a auna ciwon ne kawai. To shi mai kwalba da me ya auna? Wa ya duba bakin dattijon kafin a zuba masa? Wa zai neme shi bayan mako takwas ya ji yadda ya kwana? Me ke cikin ruwan, kashi nawa ne, wa ya haɗa shi, a wane ɗaki? A ƙasashen Tarayyar Turai, tun dokar 2011, ba a yarda a sayar wa mutum kai tsaye da maganin faranta haƙori da sinadarin haidirojin feroksayid ɗinsa ya wuce kashi 0.1 cikin 100 ba. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. A nan Najeriya muna da NAFDAC tun 1993, aikinta ke nan ta tantance irin waɗannan kaya ta ba su lamba. Kwalbar da ba ta da suna, ba ta da lamba, ba ta da ranar lalacewa, ta fi ƙarfin a kira ta magani. Shin bakin Bature ne kaɗai ya cancanci kariya, namu kuwa filin gwaji ne?

Masu raina wannan ciwo su tambayi masu fama da shi. A tsakiyar hunturu, Disamba zuwa Janairu, ruwan buta ya kwana a waje, mutum ya tashi alwalar asuba yana fargabar kurkure baki. Ɗan kabu-kabu ya hau titin Jega da sassafe, dole ya danne leɓe don kada iska ta taɓa haƙoransa. Zafin Afrilu ya zo, ko azumi ya faɗo cikin bazara, an kai wuya an sha ruwa, kowa na kurɓar zoɓo da ƙanƙara, shi yana jiran nasa ya huce. Shayi ya yi masa zafi, fura da nono ta yi masa tsami, rake da aya da ƙuli-ƙuli sun zama tarihi. Yana tauna da gefe guda har muƙamuƙinsa ya gaji. Mafi muni, wurin da ke ciwo yakan daina goge shi, datti ya taru, dasashi ya kumbura ya riƙa jini, ya ja da baya ya bar saiwar haƙori a fili. Saiwa kuwa ba ta da ɓawon nan mai tauri ko kaɗan, ruɓewa ba ta yi mata wuya. Masu ɗiga kanwa ko ruwan bilicin wanki suna ƙara wa kansu ƙunar dasashi a kan wannan. Garin neman gira an rasa ido.

Daga nan hanyar gangara ce, kuma kowane zangonta akwai mai jiran ya ci riba. Kogo ya buɗe, zugi ya fara hana barci. A nufi kemis a haɗo ƙwayoyi, a yi ta haɗiyar dikilofenak da ibuforofen babu ƙa'ida, a kan yunwa, mako bayan mako, alhali waɗannan magunguna in an wuce da su gyambon ciki suke jawowa, su kuma raunana ƙoda. Wani ya danna asfirin a jikin dasashi ya kwana da shi, ya wayi gari wurin ya ƙone ya yi fari. Wani a ba shi tiramadol, ciwon haƙori ya zame masa ƙofar shaye-shaye. Wani ya cusa garin taba a kogon, wani turare, wani har ruwan batir, wai don ya kashe tsutsa. Wace tsutsa? Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani ke cin sukarin da ya maƙale su fitar da asid, kuma an bayyana haka tun 1890. Abin da mai turare ke nuna maka a cikin ruwa wai ita ce tsutsar, ko dai da shi ya zo a hannunsa, ko kuwa 'ya'yan tsiro ne da suka fashe da zafi suka fitar da farin zare. Idan duk wannan bai yi ba, sai a kai ga mai filaya, ya cire haƙori a gindin bishiya da ƙarfen da ya fito daga bakin wani ɗazu, an ɗauraye shi a ruwan roba ɗaya. Ta irin wannan ƙarfe ciwon hanta nau'in B ke ƙaura daga jini zuwa jini, ƙanjamau ma haka. Sau da yawa kuma kan haƙorin ne ke karyewa, saiwar ta zauna a ciki tana ruɓa.

Kada wani ya ce ai ciwon haƙori ba ya kisa. Yana yi. Idan jijiyar turmin ƙasa ta mutu ta yi mugunya, mugunyar na iya gangarawa ƙarƙashin harshe da haɓa. Wuya ya kumbura ya yi tauri, harshe ya ɗago sama, baki ya ƙi buɗuwa, yawu ya gagara haɗiya, daga nan numfashi ya fara sarƙewa. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya siffanta wannan ciwo tun 1836, har yau kuma da sunansa ake kiransa. Yakan ci ƙarfin mutum cikin kwana ɗaya ko biyu, ya fi kuma saurin kayar da mai ciwon sukari. Mai irin wannan hali sai babban asibiti mai likitocin tiyatar baki da fuska, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, ta Shagari da Boɗinga. Mutumin ƙauyukan Kebbe sai ya fara neman abin hawan da zai fito da shi titi, a zamanin da ba kowace hanya ake bi da dare ba. A lissafa kuɗin mota, da na gado, da na magani, da na masu jinya, da gonar da aka bari ba nome, sannan a tuna da kuɗin kwalbar da aka ce araha ce. Mu mutanen jihar nan mun fi kowa sanin baki ba wurin wasa ba ne. A Sakkwato aka kafa Asibitin Yara na Noma a 1999, domin cutar da ke farawa daga dasashin ƙaramin yaro ta cinye masa fuska, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba 2023. Cutar noma daban, abin da nake magana a kai daban, amma sakacin iri ɗaya ne: ganin jini ko gyambo a baki a ce zai wuce.

Iyaye, musamman iyaye mata, da ku nake. An mayar da wankin haƙori wani ɓangare na gyaran amarya, ana lissafa shi tare da lalle da dilka. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai a zaunar da ita a shafe mata baki da abin da mai gyaran kanta ba ta san asalinsa ba, don hoton kwana ɗaya. Biki ya watse, 'yan rakiya su koma gida, ita a bar ta da haƙoran da za ta tauna abinci da su shekara hamsin. Lalle yakan goge, wannan ba ya gogewa. Samari kuma suna kallon fuskoki a TikTok da Facebook suna raina halittarsu, ba su san yawancin farin nan ko na'urar hoto ce ta ƙara shi, ko rufi ne aka manna a kan haƙoran ba. Haƙorin babba mai lafiya ba fari ne kamar takarda ba, yana da ɗan duhun hauren giwa, kuma yakan ƙara da shekaru. Kakanninmu mata fure da goro suke sa wa haƙora su yi ja, a lokacin shi ne ado. Ban kawo wannan don a koma masa ba, na kawo shi ne don a ga cewa yayi juyawa yake yi, haƙori kuwa ba ya dawowa. Akwai ma rinewar da ba a saman haƙori take ba sam. Yaron da aka ɗura wa kafson tetarasaikilin kafin ya kai shekara 8, ko wanda ya tashi da ruwan rijiya mai yawan fulorayid, launin a cikin ginin haƙorinsa yake. Ko an kankare har jijiya ba zai fita ba.

Na san abin da za a ce: kakanninmu da gawayi da toka suka goge baki, ga su nan da haƙoransu har tsufa. Da farko, ba dukkansu ba, a ƙirga giɓin da ke bakin tsofaffin unguwa. Na biyu, su ba su tashi da lemun kwalba da alewa da shayi mai sukari cokali biyar ba, ba su kuma haɗa gawayin da asid ba. Abin da suka riƙe da gaske asuwaki ne, wanda sunna ne kuma tsafta ce, babu mai hankalin da zai hana shi. Amma shi ma a tauna kansa ya yi laushi, a bi haƙori a hankali daga dasashi zuwa baki, ba a riƙa zuga shi gefe da gefe da ƙarfin tsiya har ya yi wa wuyan haƙori rami ba. Za a kuma ce likitan haƙori ya yi nisa, talaka ba shi da kuɗi. Wannan gaskiya ce, kuma hakki ne a wuyan masu mulki su kawo wannan aiki kusa da jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum kusan biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Amma nisan likita hujja ce ta a ƙara kiyaye haƙori, domin wanda ya ɓata nasa a Margai ko Girkau ya fi na birni wahalar samun mai gyara. Barin kwalba ba ya cin ko sisi.

Wanda tsirawar ta riga ta kama, ya ajiye lemun tsami da gari da kwalba yau, ba gobe ba. Ya nemi buroshi mai laushi da makilin mai fulorayid, za a ga an rubuta adadin fulorayid ɗin, 1,000 zuwa 1,500, a jikinsa, yawanci 1,450. Ya goge sau biyu a rana, minti biyu, ba da ƙarfi ba, ya tofar kada ya bi da kurkura. In ya sha abu mai tsami ya kurkure da ruwa, ya jinkirta gugar baki kamar rabin awa zuwa awa guda. Akwai man goge baki na masu wannan ciwo, mai sinadarin fotasiyam naitiret kashi 5 cikin 100 ko makamancinsa, amma yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji sauƙi, kuma sauƙi yake kawowa, ba ya mayar da ɓawon da ya tafi. Ya kuma san bambancin ciwo da ciwo. Wanda ke zuwa da sanyi ya wuce cikin 'yan daƙiƙu, shi ne wannan. Wanda ke daɗewa bayan an cire sanyin, ko ya taso da kansa cikin dare, ko ruwan zafi ya tayar da shi, jijiya ce ta kamu, babu makilin ɗin da zai warkar da ita, sai likita. Dattin goro da ya daskare kuwa, wankin asibiti da na'ura ke cire shi ba tare da an ci haƙorin ba.

Saura masu iko da kasuwa. Uwayen ƙasa, hakimai, sarakunan kasuwa da shugabannin tasha, ku ne ke ba mai lasifika wurin tsayawa, wani lokaci har da karɓar kuɗin rumfa. Da wane dalili za a hana mai tauye mudu, a ƙyale mai narkar da haƙoran jama'a? A tambaye shi lambar NAFDAC ta kayansa. In zai taɓa bakin mutum da ƙarfe, a tambaye shi shaidar rajista da majalisar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, ko ta hukumar da ke yi wa masu taimaka musu rajista. In babu, ya naɗe tabarmarsa, a kuma sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a aika wa kasuwar gaba kada ya sauka can. Limamai su faɗa a huɗuba, domin algus a ciniki haramun ne, jiki kuma amana ne. Masu kemis su ji tsoron Allah su daina haɗa wa mai kumburin fuska ƙwayoyi suna sallamarsa gida. Duk wanda aka ga haɓarsa ta kumbura, ga zazzaɓi, bakinsa ba ya buɗuwa ko yawu na gagararsa haɗiya, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya shafa masa komai. A kai shi Babban Asibitin Tambuwal ko na Kebbe a wannan sa'a, in sun ce a wuce Sakkwato a wuce.